Yadda ake tsara rubutu don injin sassaƙa na CNC ba tare da haruffa sun gurɓace ba

Allon farko da na ɓata a kan injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, da hannuna na ɓata shi tun kafin in kunna injin. Sunan da za a sassaƙa dogo ne, katakon kuma gajere, sai na kama rubutun ta gefe a kwamfuta na matse shi har ya shiga. A fuskar kwamfuta komai lafiya lau. Da inji ya gama na kakkaɓe garin katako, sai ga kowane O ya tsaya kamar ƙwai, ƙafafun H sun rame, sandar da ke tsakiyarsu kuwa ta fi su kauri da zurfi. Wanda bai san aikin ba ma da ya kalla zai ji akwai abin da bai zauna ba, ko da ba zai iya faɗin mene ne ba. Katako ba takarda ba ne da za a sake bugawa, abin da baki, wato ƙarfen da inji ke yanka katako da shi, ya ci ya ciwu.

Tun daga ranar na lura cewa rubutu yana lalacewa ne a wurare uku: a hannun mai zane, a hanya tsakanin wata manhaja da wata, sai kuma a kan injin da katakon kansu. Kowanne yana da alamarsa, kuma kowanne ana iya kama shi da awo kafin a yi asarar katako. Ga yadda nake bi, daki-daki.

Mataki na 1: Fara da girman katako da bakin da za ka yi aiki da shi

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, auna katakon: tsawo, faɗi da kauri. Kaurin ka auna shi da ma'auni, kada ka dogara da abin da aka ce maka, domin katakon da ake kira milimita 18 sau da yawa ba ya cika 18 ɗin daidai. Buɗe shafin aiki da wannan girman, ka zana iyakar da rubutu ba zai wuce ba, ka bar wa gefe fili, ka kuma tuna wuraren da za ka ɗaure katakon don kada baki ya ci karo da maɗauri.

Sannan ka yanke shawarar irin sassaƙar. Akwai sassaƙa da baki mai tsini mai siffar V, inda bakin yake nutsewa sosai a wurin da harafi ya yi faɗi, ya ɗago a wurin da ya sirance. Wannan shi ne irin rubutun da masassaƙan dutse na Rum suka yi da kurfi da guduma, kamar wanda ke gindin ginshiƙin sarki Trajan a birnin Rum tun shekara ta 113 miladiyya, kuma har yau shi ya fi fito da kusurwoyi masu kaifi. Akwai kuma ƙwaƙule cikin harafi da baki mai lebur, ko ƙwaƙule kewayensa a bar harafin a tsaye. Zaɓinka a nan shi zai faɗa maka irin salon haruffan da zai yiwu, don haka ba a barin sa sai ƙarshe.

Mataki na 2: Zaɓi salon haruffan da katako zai iya ɗauka

Salon da ya yi kyau a takarda ba lallai ne ya yi kyau a itace ba. Duba mafi sirancin layi a cikin haruffan, a girman da za ka sassaƙa. Idan bai kai milimita ɗaya ba, a katako mai laushi zai ɓace ko ya fito kamar ƙarzuwa. Duba kuma 'yan tsibiran da ke cikin a da e da g. Idan sun yi ƙanana, baki zai ɓalle su ya tafi da su, sai e ya koma c.

Idan da baki mai lebur za ka ƙwaƙule, ka sani baki zagaye ne, ba ya iya yin kusurwar ciki mai kaifi. Bakin milimita 6 zai bar kowace kusurwar ciki a lanƙwashe da rabin kaurinsa, wato milimita 3, kuma duk inda harafi bai kai milimita 6 faɗi ba, manhaja za ta tsallake wurin gaba ɗaya ba tare da ta yi maka ƙorafi ba. Shi ya sa ake ganin allon da wutsiyoyin haruffansa suka yanke. Maganinsa ƙaramin baki, ko a bi bayan mai lebur da mai tsini ya gyara kusurwoyin.

Ga mu masu rubuta Hausa akwai ƙarin tarko. Salo da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan ka rubuta kalma mai ɗaya daga cikinsu, kwamfuta takan aro harafin daga wani salo daban ta cusa shi a tsakiya shiru, kuma a ƙaramin rubutu ido ba ya kamawa. A katako kuwa ƙ ɗin zai fito da kaurinsa daban, tsayinsa daban, kamar baƙo a cikin dangi. Noto Sans, DejaVu Sans, Charis SIL da Andika duk suna da waɗannan haruffa. Idan dole sai wani salon da ba shi da su, gara ka zana lanƙwasar da hannunka a kan k ko d na salon, da kauri irin nasa, da ka bar kwamfuta ta yi maka aro. Rubutun Larabci da ajami kuma wasu manhajojin inji sukan wargaza shi, su raba haruffan da ya kamata su haɗu ko su jera su daga hagu. Irin wannan a tsara shi a manhajar zane da ta san shi, a mayar da shi zanen layi, sannan a kai wa inji.

Don ƙananan rubutu, kamar lamba ko kwanan wata mai tsayin milimita biyar ko shida, akwai haruffa masu layi ɗaya tal, waɗanda baki ke bi sau ɗaya ya wuce. Sanannun cikinsu su ne haruffan Hershey, da aka ƙirƙira a Amurka a 1967, kuma suna nan cikin manhajar zane ta Inkscape a ƙarƙashin Hershey Text.

Mataki na 3: Kada ka ja harafi ta gefe ɗaya

A nan zan daɗe, domin a nan mafi yawan ɓarna take.

Wanda ya zana salon haruffa ya auna dangantakar layukan tsaye da na kwance da gangan. A yawancin salo layin tsaye ya ɗan fi na kwance kauri, saboda ido yana ganin layin kwance ya fi yadda yake kauri. Ɗauki H mai ƙafafu milimita 8 da sandar tsakiya milimita 6. Ka ja shi ta faɗi ya ƙaru da rabi, ƙafafun sun koma 12, sandar tana nan a 6. Ka matse shi zuwa kashi 60 cikin ɗari, ƙafafun sun koma 4.8, sandar tana nan a 6, wato abin da ya kamata ya fi siranta shi ya fi kauri. A takarda wannan muni ne kawai. A sassaƙar V kuwa faɗi shi ke haifar da zurfi, don haka harafi ɗaya zai samu rami mai zurfi a wani sashe da ɗan ƙarce a wani, inuwa ta faɗa cikinsa ba daidai ba. Haruffa masu zagaye sun fi shan wahala: O da S da C sukan kumbura a gefe su sirance a sama, ko akasin haka.

Saboda haka duk lokacin da za ka canja girma, kulle tsawo da faɗi su tafi tare. Kusan kowace manhaja tana da ɗan hoton kwaɗo ko sarƙa kusa da akwatunan girma. Tabbatar a rufe yake. Idan da hannu kake ja, kama kusurwa, kada ka kama gefe. A Inkscape riƙe Ctrl yayin ja, a Illustrator riƙe Shift. Ni dai na fi son in rubuta adadin tsayin da nake so a akwati in bar faɗi ya bi shi, don hannu yana zamewa, lamba ba ta zamewa.

To idan rubutun ya ƙi shiga fa? Hanyoyi na nan, kuma babu wadda ta ƙunshi matsewa. Rage girman gaba ɗaya. Ko ka raba shi layi biyu, wanda sau da yawa ma ya fi kyau. Ko ka ɗan rage tazarar da ke tsakanin haruffa, amma da kaɗan. Ko ka nemi siririn ɗan'uwan salon, domin iyalai da yawa suna da nau'in da aka zana a tsuke tun asali, da sunan Condensed ko Narrow a ƙarshen sunansu, kuma mai zanen ya riga ya gyara kaurin layukan. Idan kuma rubutun ya yi gajere ne bai cika allo ba, buɗe tazarar haruffan, musamman idan manyan baƙaƙe ne, ko ka bar filin haka nan. Fili a gefen rubutu ba laifi ba ne.

Abu ɗaya da nake roƙo kada ka “gyara”: idan ka matso da kallo za ka ga O da S sun ɗan zarce layin da H da E suke tsaye a kai, sama da ƙasa. Haka aka yi su. Da an yanke su daidai da sauran, da sun zama kamar sun fi ƙanƙanta. Na taɓa ganin wanda ya bi kowane O yana dannewa don ya daidaita da layi, ya ɓata aikin da yake daidai.

Haka nan maɓallan da ke karkatar da harafi ko ƙara masa kauri na jabu. Idan salon ba shi da nau'in karkatacce ko mai kauri na gaskiya, manhaja takan tura shi gefe kawai ko ta lulluɓa masa ƙarin layi. Yi amfani da nau'in gaskiya, ko ka haƙura.

Mataki na 4: Tazara da rubutu a kan lanƙwasa

Daidaita tazara da ido, tun rubutun yana rubutu, kafin a mayar da shi zane. Wasu haruffa idan sun haɗu suna barin rami, kamar A da W, ko L da T, ko T da a. Wasu kuma suna cunkushewa, kamar r da n da kan zama m daga nesa. Abin da ake so shi ne filin da ke tsakanin haruffa ya yi kama da juna a ido, ba a rula ba. Dabarar da nake yi ita ce in juya rubutun kansa ƙasa, domin idan ba ka iya karanta shi sai idonka ya koma ganin fili kawai. Ka kuma bar katangar katako mai ɗan kauri tsakanin harafi da harafi. Idan bakin rami biyu sun kusa taɓa juna, siririyar katangar da ta rage za ta karye, ko a kan inji ko wajen gogewa.

Rubutu a kan baka ko da'ira yana da hanyoyi biyu, kuma ba ɗaya ba ne. Ta farko, a jera haruffa a kan layin, kowanne ya juya amma siffarsa tana nan. Ta biyu, a lanƙwasa haruffan kansu su cika wata siffa. Ta farkon ita ce amintacciya. Amma ko ita tana da lissafi: idan gindin haruffa yana kan da'irar da ke nesa da cibiya da milimita 100, haruffan kuma tsayinsu 30, to kawunansu suna kan 130, ke nan tazarar sama ta fi ta ƙasa da kashi 30 cikin ɗari. A bakan sama kawuna suna bajewa, a bakan ƙasa suna karo da juna. Don haka rubutun sama a ɗan tsuke tazararsa, na ƙasa a buɗe. A nawa aikin ba na barin tsayin harafi ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nisan da'irar daga cibiya. Idan ya wuce, sai in rage harafin ko in faɗaɗa bakan.

Lanƙwasa haruffa su cika siffa kuwa gurɓatawa ce da gangan. Tana iya yin kyau a gajeriyar kalma mai manyan baƙaƙe masu kauri marasa ado, idan lanƙwasar ba ta yi tsanani ba. A salo mai siraran layuka, ni ban taɓa ganin ta yi kyau a katako ba.

Mataki na 5: Mayar da rubutu zanen layi, ka tsabtace shi

Inji bai san harafi ba, layi ya sani. Idan ka aika fayil da rubutu a matsayin rubutu zuwa kwamfutar da ba ta da salon, za ta musanya shi da wani, tazara da girma duk su canja. Don haka idan ka gamsu da tsari, ajiye kwafi ɗaya da za ka iya gyarawa nan gaba, ɗayan kuma ka mayar da shi zane. A Inkscape umarnin shi ne Object to Path, a CorelDRAW Convert to Curves, a Illustrator Create Outlines. Duba rubutun kalmomin sau biyu kafin wannan, domin bayansa gyaran kuskuren harafi ɗaya ma aiki ne.

Sai haɗewa. A salon da ke kwaikwayon rubutun hannu, wutsiyar kowane harafi tana hawa kan na gaba. A fuskar kwamfuta baƙi ya hau baƙi, ba a ganin komai. Inji kuwa zai ga layuka biyu sun gitta, sai ya bar tsibirin katako a daidai mahaɗar, ko ya yanka layi a tsakiyar kalma. Zaɓi kalmar duka ka narkar da ita ta zama siffa ɗaya, da Union a Inkscape ko Weld a CorelDRAW da VCarve. Bayan haka koma kallon layi zalla, ba tare da cikon launi ba, ka tabbatar cikin a da o da e bai toshe ba. Wasu sababbin salo ma a cikin harafi guda akwai sassa da suka hau juna, don haka ko ba rubutun hannu ba ne ka duba.

Abubuwa uku kuma za ka farauta: layin da bai rufe ba, layin da aka ninka sau biyu a wuri ɗaya, da layin da ya harɗe kansa ya yi ɗan madauki. Sassaƙar V tana buƙatar rufaffiyar siffa. Buɗaɗɗiya ko a tsallake ta ko a yanka abin da ba ka nema ba. Manhajojin inji irin su VCarve da Aspire suna da kayan binciken waɗannan, kuma minti biyun da za ka ba su ba asara ba ne.

Idan rubutun daga hoto ka ciro shi, wato manhaja ta bi gefen hoton ta zana layi, to ka yi shirin aiki. Gefen yakan fito da ɗaruruwan ƙulle-ƙulle, layin da ya kamata ya miƙe yana rawa, kuma baki mai tsini yana bin kowace rawa da aminci, har ya riƙa ɗagowa yana neman kusurwar da babu ita. In dai za ka iya gano salon, sake rubuta kalmar ya fi sauri kuma ya fi tsabta. In ba za ka iya ba, rage ƙullan, ka miƙar da layukan da hannu.

Mataki na 6: Tsallakar da fayil ba tare da girma ya canja ba

Kafin ka fitar da fayil, zana murabba'i mai milimita 100 a kowane gefe kusa da rubutun, da da'ira a cikinsa. Wannan shi ne shaidarka. Da ka buɗe fayil a manhajar inji, fara auna shi. Idan ya nuna 100 da 100, komai ya iso lafiya, sai ka goge shi.

Idan bai nuna ba, lambar da ya nuna za ta gaya maka inda matsalar take. Fayil ɗin SVG, wani nau'in fayil na zanen layi, yakan ajiye girma da ɗigo, kuma manhajoji ba su yi ittifaƙi a kan ɗigo nawa ne inci ɗaya ba. Illustrator yana lissafi da 72, Inkscape da 96 tun daga fitowar 0.92, kafin nan da 90. Don haka idan murabba'inka ya koma 75 ko 133, rikicin 72 da 96 ne. Idan ya koma wajen 94 ko 107, na 90 da 96 ne. Idan kuma ya zama ƙato ko ɗan mitsitsi fiye da hankali, inci da milimita ne suka sarƙe, bambancinsu ninki 25.4. Gyara shi ta hanyar saitin shigo da fayil, ko ka zaɓi komai tare da murabba'in, kwaɗo a rufe, ka mayar da shi 100. Kuskuren da ake yi shi ne a ga rubutu ya ƙanƙance sai a ja shi da hannu har ya cika allo, a nan kuma matsalar mataki na uku take dawowa ta bayan gida.

DXF, wani nau'in fayil ɗin zane, yana da nasa halin. Wasu hanyoyin fitar da shi suna daddatsa lanƙwasa zuwa gajerun miƙaƙƙun layuka. Idan sun yi kaɗan, cikin O zai fito da fuska-fuska kamar an fere shi da wuƙa. Idan sun yi yawa ainun, inji zai riƙa tafiya yana tsayawa, ya bar tabon ƙuna. Matso da da'irar shaidarka sosai ka gani. Idan ta daddatse, sake fitarwa da SVG ko PDF ko EPS, ko ka yi amfani da umarnin da ke mayar da gutsattsarin layi baka a manhajar inji.

Mataki na 7: Faɗa wa manhaja gaskiyar bakin da ka ɗaura

Lissafin sassaƙar V mai sauƙi ne, kuma sanin sa yana warware rabin rikici. Da baki mai digiri 90, zurfi rabin faɗin layi ne: layi mai faɗin milimita 6 zai nutse 3. Da mai digiri 60, wannan layin zai nutse wajen 5.2. Da mai 120, wajen 1.7. Shi ya sa ƙananan haruffa suka fi son 60, don su samu zurfin da zai riƙe inuwa, manya kuma 90 ko 120. Harafi mai layin milimita 20 da bakin 60 zai nemi zurfin 17.3, wanda a katakon 18 saura ƙiris ya huda. Ga irin wannan sai a sa iyakar zurfi, ƙasan harafin ya zama lebur, a share shi da baki mai lebur.

Yanzu ka ga abin da zai faru idan ka ɗaura baki ɗaya ka gaya wa manhaja wani. Ka ce 60 alhali 90 ne a kai: za ta nutsa 5.2, bakin ya buɗe rami mai faɗin fiye da milimita 10 a maimakon 6, haruffa su kumbura su cinye juna. Ka ce 90 alhali 60 ne: layin 6 zai fito wajen 3.5, kusurwoyi kuma su ƙi haɗuwa. Wasu bakuna masu araha ma kusurwar da aka rubuta a jikinsu ba ita ce ta gaskiya ba, wasu kuma tsininsu yana da ɗan lebur. Gwajin da nake yi wa kowane sabon baki shi ne in sassaƙa ɗan murabba'i da harafin M a guntun katako. Idan kusurwar daidai ce, layukan da ke gangarowa daga kusurwoyi za su miƙe sak su haɗu a tsabtace. Idan sun lanƙwashe ko kusurwar ta yi kunne, sai in canja adadin digirin a manhaja da ɗaya ko biyu in sake, har ya zauna.

Bayan ka lissafa hanyar baki, kalli hoton gwajin da manhaja ke nunawa, ka matso da shi harafi bayan harafi. Duk abin da ya ɓace a can zai ɓace a katako.

Mataki na 8: Katako ya kwanta, sifilin sama ya zama daidai

Ga wurin da mutane suke zargin fayil alhali fayil ba shi da laifi. Da bakin 90, idan fuskar katako ta ɗago da rabin milimita a wani gefe, kowane layi a wurin zai ƙara faɗin milimita ɗaya cur. Layin da aka tsara milimita 2 ya zama 3. A gefen da katakon ya faɗa da rabin milimita kuwa ya zama 1, siraran layuka kuma baki ba zai ma taɓa su ba. Alamar ita ce rubutu ya fara da kauri a hagu ya ƙare a rame a dama, ko tsakiya ta bambanta da gefuna.

Saboda haka sa baki mai faɗi ya share fuskar allon da ke kan gadon injin lokaci-lokaci don ta daidaita da tafiyar injin. Ɗora rula ta ƙarfe a kan katakon aikin ka duba ko haske yana wucewa ta ƙarƙashi. Idan ya bankare, sa injin ya share fuskarsa da baki mai faɗi kafin sassaƙa, ba tare da ka kwance shi ba. Kada ka danne maɗauri da ƙarfin da zai sa tsakiya ta tashi. Sifilin tsayi kuma, wato inda inji zai fara ƙirga zurfi, ka ɗauke shi daga saman katakon, a tsakiyar wurin rubutu, kuma ka sake ɗauka duk lokacin da ka canja baki. Ka ɗaure bakin da kyau, domin wanda ke zamewa a mariƙinsa yana sa haruffan ƙarshe su fi na farko zurfi.

Gogewa ma tana cikin wannan lissafin. Yi yawancin gugar samfefa kafin sassaƙa. Duk abin da ka cire daga sama bayan an gama, daga faɗin haruffa ka cire shi.

Mataki na 9: Gwada injin kansa

Idan O yana fitowa kamar ƙwai alhali a fayil da'ira ce, injin ne. Sa shi ya yi ɗigo huɗu da tsinin baki a kusurwoyin siffa mai 300 da 400. Auna gefuna, sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta: duka biyun su ba da 500. Idan sun bambanta, gadar injin, wato sandar da ke ɗauke da baki, ta karkace, kuma kowane harafi zai jingina kaɗan. Idan gefe ɗaya ne bai cika ba, adadin takun motar lantarkin da ke tura inji a kowace milimita ne ke son gyara. A injin da ke aiki da manhajar sarrafa inji ta GRBL, saitin $100 na X ne (hagu da dama), $101 na Y (gaba da baya), $102 na Z (sama da ƙasa). Ninka tsohon adadi da nisan da ka umarta, ka raba da nisan da ka auna: idan 80 ne, ka ce 300 ya tafi 298, sabon adadi 80.54.

Idan kuma da'ira tana da ɗan tsalle a inda inji ke juya alkibla, duba bel ko ya saki, da ƙananan sukurorin da ke riƙe da fulin mota, wato 'yar tayar da bel ke hawa, da tayoyin da gadar ke gudu a kai. Rubutun da ya fara daidai sannan rabinsa ya goce gefe, mota ce ta rasa taku, galibi saboda an zurfafa da yawa a tafiya ɗaya ko gudu ya yi yawa. Idan ya fito a juye kamar a madubi, alkiblar ɗaya daga cikin layukan tafiya ce aka juya a saiti.

Mataki na 10: Gwaji a guntu, sannan aikin gaske

Ɗauki guntun katako irin na aikin, ba wani iri ba, domin MDF, allon da ake yi da matsattsen garin katako, yana karɓar abin da katako mai jijiya ba zai karɓa ba. Sassaƙa haruffa uku mafi wuya: mafi ƙanƙanta, mai zagaye, da mai siririn layi. Auna faɗin layi ɗaya ka kwatanta da na fayil. Duba gefuna: idan suna gashi ko suna tsagewa ta bin jijiya, bakin ya dakushe ko ana cin katako da yawa lokaci guda. Raba zurfin gida biyu ko uku, ka bar ɗan kaɗan don zagayen ƙarshe, ko ka maimaita hanyar sau biyu, na biyun yana share gashin da na farko ya bari.

Idan za ka zuba fenti a cikin haruffan, shafa wa fuskar katako abin toshe ƙofofinsa ka bari ya bushe, ka manna takardar kariya, sannan ka sassaƙa ta cikinta. Bayan sassaƙa sake shafa abin toshewar a cikin ramukan kafin fenti, in ba haka ba launi zai bi jijiya ya tsiyaya waje, gefen da ka sha wahalar kaifafawa ya zama dishi-dishi. Idan takardar tana da kauri, ɗauki sifili daga kan katakon kafin ka manna ta, ko ka sa kaurinta a matsayin zurfin farawa.

Idan gwajin ya fito daidai, rubuta a jikin guntun sunan salon, tsayin harafi, digirin baki da gudun da ka yi amfani da shi, ka ajiye shi kusa da inji. Sannan ka ɗaura katakon gaske, ka sake ɗaukar sifili, ka bar injin ya zagaya iyakar aikin a sama ba tare da ya taɓa katako ba, don ka ga rubutun zai faɗa inda ka nufa kuma babu maɗauri a hanyarsa, kafin ka saukar da baki.